Hotunan akwatin Kaka: wane filin ƙwallon lambu ne wannan?

Sanusi (Garwa): Assalamu alaikum jama'ar zaure. A yi mini haƙuri, maganar tana da ɗan tsawo. Daren Asabar ruwa ya zubo ta rufin ɗakin Goggo, da safe muka fito da kaya rana. A ƙasan akwatin ƙarfen marigayi Kakanmu muka tarar da gwangwanin biskit, cikinsa hotuna biyar a naɗe da ƙyallen atamfa. Duk baƙi da fari ne, bakinsu tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto. Ga su nan na ɗauka da waya. A na farko Turawa huɗu ne da gajeren wando da doguwar safa, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasasshen kai. Can ƙarshen hoton, har an yanke masa kafaɗa ɗaya, akwai yaro ba takalmi, ya rataya siririyar jaka da ta kusa kai masa gwiwa. Goggo tana ɗora ido a kai ta ce, "Baba ne," ta koma ta zauna. Mu dai mun tashi mun san Kaka ɗan kasuwar goro ne a nan Garwa. Wanda ya san ko ina ne wannan wuri, da kuma wane zamani ne, ya taimaka mana.

Hajiya Rabi (Njamena): Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Sanusi, ka dubi goshin yaron nan ka dubi naka. Ba sai an tambayi kowa ba.

Kawu Isa Direba (Kusiri): Wannan ai golf ne, wanda gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Wurin kuma ina ganin bayan garin Garwa ne. Dutsen da ke bayansu a hoto na biyu kamar Tingilin. Shekara ashirin ina wuce shi da mota.

Malam Bello (Marwa): Alhaji Isa, ka ƙara dubawa. Tingilin kansa a shafe yake kamar faifai, doguwar shimfiɗa guda. Wannan kuwa duwatsu ne dunƙule-dunƙule, wani a kan wani kamar an jera su da hannu. Sa'an nan ka dubi Baturen da ke tsakiya: rigar ulu ce a jikinsa, ga inuwarsa gajeriya a ƙarƙashin ƙafarsa, wato rana tsaka. Wa zai sa ulu da azahar a Garwa, ko da a tsakiyar hunturu? Ni zuciyata ta tafi Jos. Garin yana bisa tudun da ya haura mita 1,200, sanyinsa daban ne.

Kawu Isa Direba: Allah ya gafarta Malam, Bature fa ba a yi masa shaida a kan tufafi. Amma maganar dutsen na karɓa.

Sanusi: Malam ya yi gaskiya. Yanzu na ɗaga hoto na uku a hankali, da ma wata takarda ce ta manne a bayansa. Akwai rubutun fensir da ya kusa gogewa: Rayfield. Kalma ɗaya ke nan, babu shekara, babu sunan kowa.

Malam Bello: To, magana ta fito. Rayfield unguwa ce a kudancin Jos, ta wajen Bukur, kuma filin ƙwallon lambun da ke wurin tun 1913 yake. Shi ya sa ake lissafa shi a sahun farko na irin waɗannan filaye a Najeriya. Ku auna shekarar da kyau: ba a ma haɗe kudu da arewacin Najeriya ba tukuna, sai 1914. Mu nan kuwa Jamus ke riƙe da Garwa, sai a 1915 Ingila da Faransa suka karɓe ta.

Abin da ya kai Turawa wannan tudu shi ne kuza. Ba su suka gano ta ba. Tun kafin zuwansu mutanen Ririwai suna narka ta, fatake suna yawo da ita kasuwa-kasuwa, ta nan Turawan suka bi sawu har suka kai tushe. Da farko a ka ake ɗaukar kuzar, 'yan dako su taka da ƙafa har Loko a bakin Binuwai, wannan kogin dai da ya ratsa ta ƙofar gidanku, Sanusi. Daga baya aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukur. Inda injiniyoyin Ingila da Sikotland suka taru da yawa, ga iska mai sanyi, ga fili, sai sun nemi inda za su buga wasan garinsu. Hausawa kuma suna ta kwarara barikokin kuza cin rani, don a sami kuɗin haraji. Ina kyautata zaton ta haka mahaifin Kakanku ya je da shi.

Habibu (Yawunde): Salam. Ban cika magana a zauren nan ba, amma wannan ta shafe ni, don aikin da yaron nan yake yi shi nake yi. Shekara tara ke nan ina ɗaukar jaka a filin da ke gindin dutsen Febe. Yaya Sanusi, don Allah ka matso da kyamara kan hoto na huɗu, inda tuta take.

Sanusi: Ga shi. Ni na ɗauka tabo ne hoton ya yi, wannan baƙin da'irar.

Habibu: Ba tabo ba ne, nan ne zuciyar hoton. A filinmu kewayen rami ciyawa ce mai laushi da ake yi wa aski kullum, ana ba ta ruwa safe da yamma. Inda rani ke da tsawo kuma babu famfo, sai a tankaɗe yashi, a kwaɓa shi da baƙin man inji da aka juye daga mota, a shimfiɗa shi a da'ira, a daddaɓe. Man ne ke hana iska kwashe yashin, shi ne kuma ke sa ƙwallo ta gangara daidai. Shi ya sa kuka gan shi baƙi. Ku dubi mutumin da ke tsugune a hagu da doguwar sanda mai faffaɗan kai. Aikinsa shi ne duk wanda zai buga, sai ya ja masa hanya sumul daga ƙwallo zuwa rami, in an gama kuma ya share sawun takalma kaf kafin na baya su iso. Ramin kansa faɗinsa milimita 108 ne, yau ma haka yake a ko'ina a duniya. Tsofaffin wurin aikinmu sun ba ni labarin irin wannan yashi, amma ban taɓa ganinsa da idona ba sai yau a hoton Kakanku.

Kawu Isa Direba: Ikon Allah. Baƙin man da muke zubarwa a kwata.

Hajiya Rabi: Wato ƙafar yaron nan tana cikin baƙin mai wuni guda, ba takalmi. Uwarsa ta sha wanki.

Ɗanlami (Ngaundare): Ni fa ban ga abin sha'awa a nan ba. Ku dubi hoton da idon basira. Ƙarti huɗu sun tsaya tsakiya suna murmushi, yaron da ya ɗauki kayansu an yanke shi rabi. Ko sunansa ba su rubuta ba. Wannan hoton bauta ne. In ni ne, in mayar da shi cikin gwangwanin in rufe. Me za a nuna wa jikoki, cewa kakansu yaron Nasara ne?

Habibu: Ɗanlami, ka tauna maganar nan kafin ka sake ta. Da jakar nan na yi aure, da ita nake biya wa ƙannena biyu kuɗin lakwal a Gidar. Kuma wanda bai san wasan ba ne yake zaton dako ne kawai. Mai ɗaukar jaka shi ya san tazarar kowane rami da taku, shi ya san inda ƙasa ta karkata, shi ke duban iska ya miƙa sandar da ta dace tun ba a tambaye shi ba. Ƙwallo ta faɗa cikin ciyawa mita ɗari biyu daga inda kake, kai ne za ka je ka tsaya a kanta. Sau nawa babban mutum mai tuƙa ma'aikata ɗari yake juyowa ya ce mini, "Habibu, me ka gani?" Yaron da ke hoton nan ya san filin fiye da mutum huɗun da ke tsakiya, na rantse da wanda raina ke hannunsa.

Ɗanlami: Yaya Habibu, ban raina sana'arka ba, Allah ya sani. Kai da ƙafarka ka je, kana da albashi, in ka ga dama gobe ka bari. Shi yaron nan wa ya tambaye shi? Kuma ko ya fi su sanin filin, an taɓa barinsa ya buga?

Habibu: Wannan kam gaskiya ce, ba na musu.

Malam Bello: Ku duka biyun kuna da hujja, kada ku ɓata. Ɗanlami, akwai ma abin da ya fi wanda ka faɗa ɗaci. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, sai gwamnatin mulkin mallaka ta koma kwasar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa ramukan Jos. Shi ne tsofaffi ke kira diban gwamna, an yi shi har 1944. Mutanen ƙasar zafi aka kai cikin sanyin tudu ba bargo ba isasshen abinci, da yawa ba su koma gida ba. Wannan yana faruwa ne a tudun da ake buga wasan nan. Sa'an nan ƙasar da aka haƙa, da wadda aka yi barikoki da filaye a kai, gonakin acca ne na Birom. Su ma babu su a hoto.

Amma inda na saba da kai shi ne rufe gwangwani. Littattafan kulob-kulob irin waɗannan, abin da suke adanawa sunayen shugabanni ne da na waɗanda suka ci kofi. Wanda ya tankaɗe yashi, wanda ya sare ciyawa da lauje, wanda ya ɗauki jaka, ba a rubuta su. Yau ga ɗaya daga cikinsu, muna da fuskarsa, muna da sunansa, 'yarsa tana raye tana iya magana. In Sanusi ya rufe, ya ƙarasa wa mai kyamarar yankan da ya fara.

Ɗanlami: Na ji, Malam. Amma in za a nuna, a nuna har da maganar diban gwamnan. Kada a wanke hoton a ce zamanin daɗi ne.

Hajiya Rabi: Ku maza kun tsaya gardama, ga mai amsa a zaune cikin gida. Sanusi, ka kai wa Goggo shayi ka zauna kusa da ita. Kada ka yi mata tambayar 'yan sanda. Ka ajiye hoton a cinyarta kawai ka yi shiru.

Kawu Isa Direba: Kafin nan, ni ga nawa fannin. Hoto na biyar, motar da ke bayan bishiya Land Rover ce, irin ta farkon nan mai gajeren jiki. Ba a fara ƙera ta ba sai 1948. Ke nan wannan hoton bai riga 1948 ba ko da kwana ɗaya. Kuma ku duba, mai jakar a nan saurayi ne har da gashin baki, da takalmi a ƙafarsa.

Sanusi: Shi ne dai, Kawu. Ga tabon nan a girarsa ta hagu, har ya rasu yana da shi.

Habibu: To bari in gwada na farkon. Sandunan da ke jakarsa guda shida nake ƙirgawa, kuma jikinsu kamar itace. Da can da icce ake yin mariƙin sanda, hukumar wasan ta Sikotland ba ta halatta na ƙarfe ba sai 1929. Sai dai kada mu yi saurin yanke hukunci, saboda dalili biyu. Na farko, wanda ke bakin aiki a Jos ba zai yar da sandunansa don an fito da sababbi a Landan ba, zai yi ta amfani da su shekara da shekaru. Na biyu, sandunan ƙarfen farko ana yi musu rufi mai launin itace don idon mutane bai saba ba. Akwai kuma ɗan akwatin nan a ƙasa kusa da ƙafar Bature na dama. Yashi ne a ciki. Kafin ɗan tsinken da muke soka wa a ƙasa yanzu ya yaɗu, yaron jaka ne ke ɗibar jiƙaƙƙen yashi ya murza shi da yatsu ya yi ɗan tudu, a ɗora ƙwallo a kai a buga. Sau goma sha takwas in filin cikakke ne, ga kowane ɗan wasa.

Malam Bello: Mu haɗa da lissafin shekaru. Sanusi, yaushe ya rasu, yana da shekara nawa?

Sanusi: A 2003, ana cewa ya kusa tamanin.

Malam Bello: Ke nan haihuwarsa wajen 1925. Yaron hoton farko bai wuce sha biyu zuwa sha uku ba, sai ya faɗa wajen 1937 ko 1938. Ya dace da abin da Habibu ya gani. Filin yana da kimanin shekara 25 a lokacin. Tsakanin hoton farko da na ƙarshe kuma an sami shekara goma ko fiye. Ku lura da bayan fage: a na farko tudun fayau yake, babu itace sai duwatsu. A na biyar ga dogayen itatuwan turare a jere, ga kuma wani tulin ƙasa mai kaifin kai can nesa, irin wanda haƙar kuza ke bari. Filin da kewayensa sun canja a gaban idon mutum ɗaya.

Zainabu (Garwa): Yaya, don Allah kada ka kai su a manna musu leda. Hoton auren Innarmu haka aka yi, wani mai shagon hoto ya sa shi a injin zafi, fuskar ta narke ta manne da ledar, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A sa su a na'urar sikana a ɗauka da kyau, gaba da baya, a buga sababbi a rarraba wa dangi. Na asalin a sa farar takarda tsakaninsu, a ajiye inda babu laima babu gara. In za ka yi rubutu a baya, da fensir, ban da biro.

Sanusi: Na gode ƙanwata, da gobe nake shirin kai su. Allah ya sa kin yi magana.

Sanusi: Jama'a, na dawo. Na yi yadda Hajiya ta ce. Mun fi awa biyu, har aka kira isha'i. Ga abin da Goggo ta faɗa, yadda ta ji daga bakinsa.

Mahaifinsa mutumin ƙasar Zazzau ne, ya je cin rani barikin kuza da shi yana ƙarami, sai ciwon ƙirji ya kama uban ya rasu a can. Wani kuku Bahaushe da ke aiki gidan Bature ya riƙe shi, shi ya kai shi filin don ya riƙa samun na abinci. Ta ce ya sha faɗa musu cewa aikin da ya fi tsana shi ne na asuba, lokacin da ake sa su tankaɗe yashi da rariya cikin sanyi har yatsu su ƙage. Wanda ya fi so kuma neman ƙwallon da ta ɓata, don akwai tukuici. Tabon girar nan ƙwallo ce ta same shi. Ta ce su yaran sukan sami reshen da ya lanƙwasa su feƙe shi, in Turawa sun tashi da magariba su yi ta bugawa a ɓoye har duhu ya hana su gani. Ɗanlami, ga amsar tambayarka, ba a ba su ba amma sun buga.

Mutumin da ke tsugune da sandar share yashi ma ta san shi. Ba ta san sunan yankansa ba, Kaka yana ce masa Sarkin Yashi. Birom ne, kuma wai gonar kakansa tana daidai inda rami na uku yake. Shi ya koya wa Kaka yadda ake gane karkatar ƙasa da tafin ƙafa. Lokacin diban gwamna kuma, shi ya ɓoye wasu samari biyu da suka gudo daga rami a rumbunsa har suka sami hanyar gida.

Da ya tara ɗan jari ya bar aikin, ya bi fataken goro zuwa Yola, daga nan ya shigo jirgin ruwa da damina, lokacin da Binuwai ke cika jirage su iso Garwa da gishiri da siminti su koma da gyaɗa da auduga. Ya sauka da niyyar wata ɗaya, ya ga Kakarmu.

Na tambaye ta me ya sa bai taɓa gaya mana ba. Ta ce ba kunya ba ce, su 'ya'yansa duk sun sani. Mu jikoki ne ba mu taɓa tambaya ba.

Hajiya Rabi: Allahu akbar. Ina karantawa ina share hawaye. Allah ya saka wa Sarkin Yashi, ya jiƙan kukun nan da ya riƙe maraya.

Ɗanlami: Yaya Sanusi, na janye maganar rufe gwangwani. A gaida Goggo, a ce ɗanta na Ngaundare yana neman afuwa.

Malam Bello: Sanusi, ka ɗauki muryarta a waya, da yardarta, kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka. Ka sa ta maimaita maganar rami na uku. In jikokin mutumin nan suna nan, wannan laƙabi da wannan gona su ne za su kai ka gare su, kuma su ma suna da haƙƙin ganin fuskar kakansu. Mai yiwuwa ba su da hotonsa ko ɗaya.

Kawu Isa Direba: Ina da abokin aiki da ke lodi Yola zuwa Jos duk mako. In ka buga hotunan ka ba ni kwafi biyu, ɗaya a kai kulob ɗin, ɗaya a yi cigiya da shi a unguwa wajen dattawa.

Habibu: In za a kai, a rubuta sunan Kaka cikakke a ƙasa, da na Sarkin Yashi, da manyan baƙaƙe. Kuma a fara nuna wa masu ɗaukar jaka na wurin kafin a shiga ofis. Tsofaffinsu sun fi kowa sanin wane rami ne ina, za su iya tsayar da mutum daidai inda mai kyamarar ya tsaya ta hanyar duwatsun nan.

Sanusi: Akwai saura. Da zan fito Goggo ta buɗe kwallarta ta miƙo mini wata 'yar ƙwallo, ta yi ruwan ƙasa, duk ta tsattsage. Ta ce tun suna yara yake hana su wasa da ita. Ga hotonta. Jikinta ba irin ramukan nan zagayayyu ba ne, zanen murabba'i ne kamar raga.

Habibu: Yaya, riƙe ta da kyau! Irin wannan zanen na zamanin hoton farko ne, kafin masu zagayayyun ramuka su kore shi. Ka je wajen mai walda ko bakanike ya auna maka faɗinta da ma'aunin ƙarfe. Ta Ingila ta da milimita 41 ce da ɗan ɗigo, ta Amurka wadda kowa ke bugawa yanzu ta kusa 43. Sai a 1990 aka daina amfani da ƙaramar gaba ɗaya. Ni ban taɓa riƙe ta a hannuna ba.

Sanusi: Na je garejin maƙwabcinmu an auna. 41.

Habibu: Ita ce. Ina da hutu bayan Sallah, zan hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare in ƙaraso Garwa da mota. Ka roƙa mini Goggo ta bar ni in gan ta, in kuma zauna in ji sauran labarin yashin nan daga bakinta.

Sanusi: Na gaya mata. Ta ce ka zo, kuma ka taho da irin ta yanzu guda ɗaya ta gwada su a tafin hannunta.